A ina zan kafa murhuna?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Mun tare a sabon gida a Funtuwa, kuma gas ya fi ƙarfinmu. Maigida ya ce in kafa murhun itace a barandar ɗakina saboda damina. Ya dace? Daga wata amarya.

Amsa: Ƙanwata, lallaɓa shi ya sake shawara. Na taɓa yin haka, kafin Babbar Sallah silin ya yi baƙi ƙirin, labule da zannuwana duk warin hayaƙi, autana kuma tari ya ƙi barinsa.

Nemi kusurwa a tsakar gida, nesa da tagar ɗakin kwana, inda katanga za ta tare miki gabas, don ta nan hadari ya fi tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take kaɗowa. A yi rumfar kwano mai tsayi, a bar gefe a buɗe hayaƙi ya fita. Kada murhun ya kusanci zana ko tarin itace, kuma ba kan hanyar da yara ke bi zuwa randa ba.

Garwashi kuwa, komai sanyi kada ki kwana da shi a rufaffen ɗaki. Iskarsa ba ta wari, amma tana kisa.