Hukuncin Yi wa 'Ya'ya Mata Allurar Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana da shekara goma, an ce a kai ta a yi mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Mahaifinta ya hana, ya ce cutar mazinata ce, kuma neman magani tun ciwo bai zo ba rashin tawakkali ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yin wannan allura halal ne, 'yar'uwa, kuma ni ina ganin an fi so a yi ta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci dabinon ajwa bakwai da safe, guba da sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba. Wannan kariya ce tun cuta ba ta sauka ba, kuma da ita malamai irin su Shaikh Ibn Baz suka kafa hujjar halaccin rigakafi. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Maganar zina kuwa tana da nauyi, kada a yi ta da ganganci. Gaskiya ne ƙwayar HPV, wadda ke haddasa wannan sankara, ta hanyar saduwa take yaɗuwa. Amma mace kamila, wadda ba ta san kowa ba sai mijinta, tana iya ɗauka daga gare shi, shi kuma bai ma san yana ɗauke da ita ba. Ƙwayar kan kwanta shekara goma ko ashirin kafin ta zama sankara. Jifan irin wannan baiwar Allah da alfasha zalunci ne, kuma shi ke sa mata ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu. A 2022 kaɗai cutar ta kashe mata kusan 350,000 a duniya.

Ƙwayar tana da nau'i-nau'i; nau'i na 16 da na 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na cutar, kuma su allurar ke tarewa. Tun 2006 ake yin ta, babu ƙwaya mai rai a cikinta, bincike kuma bai nuna tana hana haihuwa ba. Ana ba 'yan shekara 9 zuwa 14 ne domin ta fi aiki kafin jiki ya haɗu da ƙwayar.

Kada ki kai ta a ɓoye. Mahaifinta waliyyinta ne, ki lallashe shi ku je wurin likita tare ya ji da kunnensa. Ke ma ki nemi a yi miki gwajin bakin mahaifa, don allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga jiki.

Wallahu a'alam.