Tun da Baba Ya Rasu Addu'a Ta Gagare Ni: Na Rasa Bangaskiyata Ke Nan?

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni 'yar Kaltungo ce, ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin garin Gombe. A gidan masu bi aka haife ni, na yi baftisma tun ina sakandare, kuma ina cikin mawaƙan ikilisiyarmu. Bara mahaifina ya kwanta da ciwon ƙoda. Mun yi azumi, mun kwana muna addu'a, 'yan Zumuntar Mata ba su bar gidanmu ba. Wani mai wa'azi da aka gayyato ya ɗora masa hannu, ya ce an riga an warkar da shi, mu dai kada wani ya yi shakka. Ba a daɗe ba Baba ya rasu. Da aka gaya wa mutumin sai ya ce lalle akwai wanda ya yi shakka a gidan. Baba, ni ce. Na ga yadda jikinsa ya kumbura, zuciyata ta ce ba zai tashi ba. Tun daga ranar in na durƙusa ba na samun abin faɗa, wani lokaci har ina tambayar kaina ko akwai mai ji. Ran Lahadi ina tsayawa ina waƙa, amma ji nake kamar munafuka. Ni na jawo mutuwarsa? Na rasa bangaskiyata ke nan? In daina cin Jibin Ubangiji?

AMSA

'Yata, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da ke da Mama da sauran 'yan'uwanki.

Ba ke kika jawo ba. Ciwon ƙoda ne ya ɗauki mahaifinki, a lokacin da Mai rai da mutuwa ya yarda. Abin da zuciyarki ta faɗa da kika ga kumburin nan, shi ne abin da duk mai ido zai gani, kuma ganin gaskiya ba zunubi ba ne. Maganar mai wa'azin nan ta ɓata mini rai ƙwarai. Ya yi alkawarin da Allah bai aiko shi da shi ba, da abin bai cika ba sai ya ɗauki nauyin ya ɗora a kan gidan da ke makoki. Wannan zalunci ne, ko da da sunan Yesu aka yi shi.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, sa'an nan ya kama Bitrus. Ikilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku da dare, ya tafi gidan Maryamu inda ake addu'ar ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yarinyar nan Roda ta gane muryarsa, ta ruga ciki da labari, masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Ki dube su da kyau. Suna roƙon Allah saboda Bitrus, ga Bitrus a bakin ƙofa, amma ba su yarda ba. Da ƙarfin bangaskiyar masu addu'a ne ke yanke hukunci, da Bitrus ya kwana cikin sarƙa. Yakubu kuma, babu inda aka rubuta cewa ya mutu don wani ya yi shakka. Bulus da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Shi kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi.

Akwai labarin da ya kamata duk ɗan ƙasar Tangale ya sani. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara wannan yanki: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, rashin lafiya ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai, kuma daga baya ya faɗa da bakinsa cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Dalili kuwa, ya fito ne yana dogara ga abin da ya ɗauka alkawarin warkarwa ne a fili cikin Littafi Mai Tsarki, sai ga shi ya bar abokansa biyu masu aminci a kabari. Bai jefar da Littafin ba. Komawa ya yi ya bincika shi daga farko, ya gane cewa fahimtarsa ce ta karkace. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 mishan ɗinsu, wadda aka sani da SIM (Sudan Interior Mission), ta samu wurin zama a Patigi. Daga wannan aiki ne John Hall da Gordon Beacham suka iso Kaltungo a 1917, daga shi ne kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wato bisharar da ta iso garinku ta biyo ta hannun mutumin da ya taɓa tsayawa daidai inda kike tsaye yau.

Ina so ki lura da abin da ya rushe a zuciyar Bingham, domin ina zaton shi ne ya rushe a taki. An koya miki cewa in kin riƙe zuciyarki da ƙarfi sosai, dole Allah ya yi abin da kika roƙa. Wannan koyarwa ce ta faɗi a ranar jana'iza. Ta cancanci faɗuwa. Matsalar ita ce an ɗaure miki ita tare da Allah kansa, shi ya sa kike jin kamar duka biyun ne suka tafi.

Na san za a kawo miki Yakubu 1:6-8, inda aka ce mai shakka kada ya sa rai zai sami wani abu. Ki karanta tun daga aya 5. Maganar roƙon hikima ake yi a lokacin gwaji, mutumin da ake nufi kuma shi ne mai zuciya biyu, wanda bai tsai da ko na wa ne shi ba. Mun san irinsa: da safe yana sujada, da dare yana ƙofar boka, don in wannan bai yi ba wancan ya yi. Ke ba ki je ƙofar kowa ba. Kin durƙusa gaban Allah ɗaya, bakinki ya yi nauyi, sai kika rubuto wa fasto. Mai zuciya biyu ba ya kuka don addu'a ta gagare shi.

Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah, da ya daɗe a kurkuku sai ya aiki almajiransa su tambaya ko Yesu ne mai zuwan nan, ko kuwa a sa ido ga wani (Matiyu 11). Yesu bai tsawata masa ba. Ya ce a je a gaya masa abin da ake gani: makafi na gani, guragu na tafiya, ana yi wa matalauta bishara. Kuma a wannan rana, bayan wannan tambaya, ya shaida wa taro cewa cikin waɗanda mata suka haifa babu wanda ya fi Yohanna. Ki lura kuma ba a fito da Yohanna daga kurkukun ba, a can aka fille masa kai. An amsa shakkarsa, ba a canza halin da yake ciki ba.

Toma ne ya fi kusa da abin da kike ji in kin je sujada. Sauran almajirai sun ga Ubangiji da rai, shi bai gani ba, ya ce ba zai yarda ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshin. Yohanna 20:26 ya ce bayan kwana takwas suna cikin gida, Toma kuma yana tare da su. Mako guda cur yana zaune cikin mutanen da ke murnar abin da shi bai yarda da shi ba. Bai ware kansa ba, su ma ba su kore shi ba, a cikin wannan taro ne kuma Yesu ya same shi. Shi ya sa nake roƙonki kada ki bar sujada. Yawancin waɗanda na ga bangaskiyarsu ta mutu, ba tambaya mai wuya ce ta kashe ta ba. Sun ji kunya, sun yi shiru, sun rage zuwa, har ba sauran wanda zai tambaye su ina suka shiga.

Tambayar ko akwai mai ji kuwa, kada ki ji tsoronta, kada kuma ki nemi amsarta a cikin yadda zuciyarki take ji yau, domin zuciyar mai makoki kullum canzawa take. Bangaskiyar Kirista tana tsaye ne a kan abin da ya faru a tarihi. Ki zauna da 1 Korintiyawa 15. Bulus ya rubuta ta kimanin shekara 25 bayan gicciye Yesu, ya jera waɗanda suka gan shi da rai: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya kuma ce yawancinsu suna nan da rai, wato mai so ya je ya tambaye su. Cikin jerin akwai Yakubu ɗan'uwan Ubangiji, alhali Yohanna 7:5 ya ce 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba a dā. Akwai Bulus kansa da ke farautar masu bi. Ki tambayi kanki abin da ya juya waɗannan mutane har suka yarda da duka da kurkuku da mutuwa. Bulus bai ɓoye komai ba, ya ce in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce. In kuwa ya tashi, to akwai mai ji, kuma kabarin mahaifinki a Kaltungo ba shi ne ƙarshen labarinsa ba.

In mota ta ɗauko fasinjoji daga Gombe za ta Biu, ta hau gadar Dadin Kowa, wani na barci hankalinsa kwance, wata ta rufe ido tana rawar jiki don tsoron ruwan Gongola. Duka biyun za su ƙetare, domin gadar ce ke ɗauke da su. Haka mutumin nan na Markus 9 da ya kawo ɗansa marar lafiya, ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Yesu ya karɓi wannan rabin magana, ya warkar da yaron.

Ga addu'a, kada ki tilasta wa kanki kalmomin da ba ki da su. Ki ari na Zabura. Ki karanta ta 13, da 42, da 88 da ƙarfi, a matsayin addu'arki. Zabura 88 ba ta ƙare da murna ba, da duhu ta ƙare, amma Allah ya yarda ta zauna cikin littafinsa, an kuma rera ta a sujada. Ke mawaƙiya ce, don haka ki san Asaf, shugaban mawaƙa a zamanin Dawuda. A Zabura 73 ya ce ƙafarsa ta kusa zamewa, har ya ga kamar a banza ya tsarkake zuciyarsa, bai kuma sami kan abin ba sai da ya shiga Wuri Mai Tsarki. Munafuki shi ne mai ɓoye halinsa don a yabe shi. Wadda ke rera gaskiyar da take marmarin sake riƙewa da hannu biyu ba munafuka ba ce. In wata waƙa ta yi miki nauyi, ki yi shiru a baitin, 'yan'uwa su rera a madadinki.

Ki ci Jibin Ubangiji. Gargaɗin 1 Korintiyawa 11 an yi shi ne ga waɗanda suka mai da teburin wurin nuna bambanci, wasu na buguwa wasu na zaune da yunwa. Ba a yi shi don korar masu rauni ba. In kin san ba ki da wani mai ceto sai Yesu, ko da hannunki na rawa, ki miƙa shi.

Kada ki manta da jikinki. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya yi barci (1 Sarakuna 19). In kin ga makonni na wucewa ba barci, ba cin abinci, aikin aji ya gagara, ko tunanin cutar da kanki na zuwa, ki ga likita ba tare da jinkiri ba. Yin haka bai rage komai daga dogararki ga Allah ba.

Girma kuma zai zo, amma kada ki jira ki koma yadda kike kafin Baba ya kwanta. Abin da nake roƙa miki shi ne bangaskiyar samarin nan uku a Daniyel 3, waɗanda suka ce Allahnsu na da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Tana zuwa ne a hankali, ta wurin jin Maganar kullum da zama cikin 'yan'uwa. Ki ɗauki bisharar Markus, sura ɗaya a rana, ki ajiye ɗan littafi kina rubuta duk tambayar da ta taso, har wadda kike jin kunyarta.

Ki kuma nemi mutum ɗaya da za ki gaya wa duk abin da kika rubuto mini, ko faston ikilisiyarku ko wata dattijuwa cikin Zumuntar Mata wadda ta taɓa binne nata kuma ta iya riƙe magana. Yahuza aya 22 ta umarci ikilisiya ta ji tausayin masu shakka, don haka hakkinki ne kike nema. In wanda kika fara gaya wa ya tsawata miki, ki nemi wani. Sa'an nan in kin je gida hutu, ki zauna da Mama ki tambaye ta yadda ta ji maganar mai wa'azin nan. Ina jin tsoron kada ita ma ta ɗauka ita ake nufi, tana ɗauke da abin ita kaɗai. Ku karanta Ayyukan Manzanni 12 tare.