Me Kare Yake Yi Wa Haushi Cikin Dare?

Tambaya: Malam, karen maƙwabcinmu yakan tashi tsakar dare ya yi ta haushi, ya ƙura wa lungu ɗaya ido. Na sha haska tocila, ko ƙadangare ban gani ba. Kakata ta ce aljanu yake gani. Yaya abin yake?

Amsa: A gaida Kaka. Maganar aljanu ta malaman addini ce. Ni jikin dabba na karanta, daga nan zan ba ka amsa.

Sauti karkaɗawar iska ne. Kunnen ɗan Adam yana kama wanda ke karkaɗawa sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, wannan ma kunnen yaro ke nan, don mutum yana manyanta siririyar ƙara tana kuɓuce masa. Kare kuwa yakan kai 45,000, har ya zarce. To ɓeraye da ƙananan jemagu, yawancin kukansu ya fi ƙarfin kunnenmu saboda sirantarsa. Lungun da ka ji tsit, a wurin kare kasuwa ce take ci.

Ga kuma hanci, inda ya yi mana fintinkau. Ƙwayoyin sansana a hancin mutum kusan miliyan 6 ne, wasu karnuka suna da har miliyan 300. Mage ta bi ta kan katanga tun bayan isha'i, kai ka fito ba ka ga komai ba, shi kuwa har yanzu warinta yake shaƙa. Ƙyallin nan da idonsa ke yi idan ka dalle shi da tocila, wani shimfiɗi ne a bayan ido mai mayar da haske kamar madubi, shi ke taimaka masa gani a duhu. Amma kada ka ɗauka ya fi ka komai, ja da kore rikice masa suke yi.

Mu ma akwai hasken da ke gabanmu ba ma ganinsa. A 1800 wani masanin taurari, William Herschel, a Ingila, ya raba hasken rana launi-launi da gilashi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launi, inda ido bai ga komai ba, sai ma'aunin ya hau. Irin wannan hasken ne rimot ke fitarwa. Gwada da kanka yau da dare. Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar waya, ka danna. Idonka ba zai ga komai ba, amma a fuskar wayar za ka ga ɗan haske yana walƙiya. In kyamarar baya ta ƙi, juya ta gaba.