Tambaya da amsa: me farfesa ke bincike a kai a fannin nanofotoniks?

Tambaya: Malam ina aji uku a injiniyan lantarki, na ga ana cewa wasu farfesoshi duk rayuwarsu a kan nanofotoniks da infrared suke bincike. To ni dai infrared a rimot ɗin talabijin da kyamarar dare na san shi, me ya rage da za a yi ta bincike shekara da shekaru?

Amsa: Abin da ya rage da yawa wallahi, bari in ba ka misali da mutum ɗaya, Farfesa Hatice Altug 'yar Turkiyya. Fiziks ta karanta a jami'ar Bilkent da ke Ankara ta gama a 2000, ta yi digirin dakta a jami'ar Stanford ta Amurka a 2007, ta koyar a jami'ar Boston, daga 2013 kuma tana jami'ar fasaha ta EPFL a Lozan ta Suwizalan. In ka bi aikinta za ka ga kusan matsala ɗaya take ta bi tun farko.

Ga matsalar. Kusan kowane sinadari akwai irin hasken infrared da yake shanyewa gwargwadon yadda ƙwayoyinsa ke girgiza, shi ya sa masana ke kiran abin zanen yatsa, furotin misali yana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 6,000 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Amma shi furotin ɗin kansa 'yan nanomita ne kawai, galibi bai wuce goma ba, to ka ga hasken ya ninka shi sau ɗaruruwa, sai ya wuce ta kansa kusan bai san da shi ba, kamar ka ce za ka kama sauro da ragar kamun kifi. Ga kuma ruwa da ke shanye infrared sosai, alhali jini da sauran samfur duk ruwa ne.

Nan nanofotoniks, wato sarrafa haske a ma'aunin nanomita, ke shigowa. Ana sassaƙa ƙananan eriya na zinare ko silikon a kan gilashi ko makamancinsa, ido ba ya ganinsu, su tattara hasken su matse shi a ɗan mitsitsin wuri daidai inda furotin zai zauna, sai alamar ta ƙaru sosai har a iya karantawa. A 2015 ita da tawagarta sun nuna a mujallar Science cewa za a iya yi da girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya, kuma da wutar lantarki kake sauya zangon da yake kamawa ba sai ka sake ƙera wata na'ura ba. A 2018 suka fito da wanda ni ya fi burge ni, faranti mai gida-gida, kowane gida da zangon da yake amsawa, in ka ɗora samfur ka ɗauki hoto sai ya fito da wani zane irin bakod da ke gaya maka sinadarin, ba sai an nemi babbar na'urar nan mai tsada ta sifektiromita, mai rarrabe zangon haske, ba. Daga baya sun juya kan furotin ɗin da ke lanƙwashewa ba daidai ba a cutar Parkinson.

Kar dai ka ɗauka gobe za ka ga abin a asibiti, yawancinsa yana ɗakin gwaji tukuna, ƙera eriyoyin nan da yawa a farashi mai sauƙi shi ma babban aiki ne. In fannin ya ja hankalinka ka riƙe darasin elektiromagnetik da semikondakta da kyau tun yanzu, ka koyi kwaikwayon haske a kwamfuta, don da shi ake gwada siffar eriya kafin a shiga ɗakin ƙira.