Kuloci yana zamewa, kuma an ce in riƙa taka shi a gangara

Tambaya: Assalamu alaikum, Alhaji. Ni direban tasi ne a Aboabo, cikin Kumasi. Wata 8 ke nan da aka sa mini sabon farantin kuloci a Suame Magazine, unguwar makanikai, amma yanzu idan na kama hawa da fasinja huɗu sai injin ya yi ta kuka motar ba ta gaba, ga ƙauri kamar ana ƙona tsumma. Ina lallaɓa shi iyakar ƙoƙarina, ko a gangara nakan take shi har ƙasa motar ta sulale, yadda maigidana ya koya mini don a rage shan mai. Mai motar ya fara cewa ni na lalata ta. Cutata aka yi, ko laifina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kulocinka zamewa yake yi. Ka tsaya a fili, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki ƙafa a hankali da ɗan totur; idan injin bai mutu nan take ba, farantin ba ya kamawa. Kafin a sauke giyabos a duba wasan feda, domin idan na waya ne kuma aka ɗaure shi ba a bar masa kamar santimita 1 zuwa 2 ba, kulocin ba ya zama daidai ko ka ɗauke ƙafa. Idan aka buɗe aka tarar da baƙin mai a kan farantin, yawanci robar bayan injin ce ke yoyo. Ka kuma tambayi bakaniken ko faranti kaɗai ya canja ya bar tsohon murfin da ke matse shi da tsohon boris ɗin da ke sakin kuloci, aikin da ake yi wa mai neman araha. Naka laifin, in akwai, yana cunkoson kasuwar Kejetia, inda direbobi ke riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon birki.

Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne koyarwar maigidanka, wadda nake ji daga bakin direbobi kusan kullum har na gaji da musu. Da ka take kuloci ko ka sa firi a gangara, ka raba injin da tayoyi ke nan, nauyin motar da na fasinja duk ya koma kan birki shi kaɗai. Birki kuwa zafi yake tarawa. Man birki na DOT 3 yana jure zafin digiri 205 na Celsius kafin ya tafasa in yana sabo, amma yana shan danshi daga iska, kuma ƙa'idar wanda ya sha ruwa digiri 140 ce kacal. Yaushe rabon da a canja na motarka? Idan ya tafasa sai kumfa ya cika bututu, ka taka feda ta tafi ƙasa lagwaf kamar ka taka soso. Ka kwatanta wannan a gangaren Mampong, ko a saukowa daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, da kwana a gabanka da mutane huɗu a bayanka. A nan ne direba kan firgita ya saki kuloci da ƙarfi, tayoyin su fizge, motar ta kauce masa.

Man fetur da ake cewa ana adanawa ma tatsuniya ce a motocin yanzu. Injin da kwamfuta ke ba shi mai, idan yana cikin giya kuma ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutar kan yanke man gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya shi. A firi kuwa dole ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Wato ka sayar da birkinka, kuma ba a biya ka ko pesewa ɗaya ba. Boris ɗin kulocin shi ma yana ta juyawa cikin matsi muddin ƙafarka tana ƙasa, shi ya sa yake saurin fara ƙugi. Masu kashe injin gaba ɗaya a gangara sun fi kowa ganganci, domin bayan taku biyu ko uku birki ya ƙage, sitiyari ya yi nauyi. Na taɓa karɓar wata mota da aka jawo mini daga hanyar Mampong, faifan birkinta na gaba ya koma shuɗi don zafi, direban yana rantsuwa cewa sammu aka yi masa.

Giyar da za ta hau da kai tudu, da ita za ka sauko, ƙafar hagu a ɗauke daga kan kuloci. Kuma idan wani ɗan gyaran bakin titi ya ce zai zuba ruwan sabulu ko man injin a kofin man kuloci, ka ɗauke motarka, domin man injin yana kumbura robobi, kuma a motoci da yawa kofi ɗaya ne ke ciyar da kuloci da birki. Ranar da za a buɗe giyabos ɗin ka zo da mai motar, ya ga farantin da idonsa.