Amsa ga mai tambaya kan kuɗin da suka ƙi daidaita a Stata

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka cewa jimillar rancen da ka haɗa a manhajar ƙididdiga ta Stata ta saɓa wa takardar banki da 'yan nairori alhali ka duba kowane layi, sai na ji zuciyata ta sosu, domin irin wannan matsala ta taɓa kusan raba ni da aikina.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne an ajiye kuɗin a matsayin float, wato nau'in ajiyar lamba wanda Stata ke bai wa sabon ginshiƙi idan ba a ce masa komai ba. Float yana riƙe lambobi bakwai ne ko kusan haka. Da zarar kuɗi ya haura naira 131,072 ba ya iya bambance kowane kwabo, idan kuwa ya wuce 16,777,216 naira ɗaya ma ɓace masa take yi, har 25,000,001 ta koma 25,000,000.

Ni a wurinmu, shugaban sashen kuɗi ne ya tsayar da ni a gaban dukan ma'aikata, ya ɗora takardata kusa da ta banki, ya zagaye gibin da jan biro, ya ce in faɗa wa jama'a aljihun da kuɗin ya shiga. Gibin bai kai kuɗin mota ba, amma mutumin nan ya yi ta maimaita maganar amana, har wani ƙaramin ma'aikaci da ni na koya masa aikin ya sunkuyar da kai. Da aka gano daga inda matsalar ta fito, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa kawai ya yi ai da ma shi bai yarda da kwamfuta ba. Har yau idan muka haɗu a taro gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Don Allah kada ka ɓata lokacinka wajen mayar da ginshiƙin zuwa double, wato nau'in da ya fi float riƙe lambobi masu yawa, bayan an riga an shigo da shi, domin abin da ya zube ba ya dawowa. Ka koma kan fayil na asali, ka sake shigo da shi da zaɓin asdouble mai shigo da lambobi a matsayin double, sannan ka riƙa rubuta generate double ga duk abin da ya shafi kuɗi. Ka kuma adana fayil ɗin nan na asali a inda ba wanda zai taɓa shi, saboda shi ne shaidarka ranar da aka tuhume ka.

Double ɗin ma ba tsira ba ce gaba ɗaya, tunda kwamfuta da tushen biyu take ƙirga, kuma 0.1 ba ya ƙarewa a wannan tushe, shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Ni yanzu ina ninka kuɗi da 100, in zagaye shi zuwa cikakken kwabo tun daga farko, sai a rahoton ƙarshe nake mayar da shi naira. A kula dai, long, nau'in ajiyar cikakkun lambobi a Stata, yana tsayawa a 2,147,483,620, wato naira miliyan 21 da ɗoriya idan da kwabo ake ƙirga, don haka manyan kuɗi a double za a zuba kwabbansu. Idan kuma abokin aikinka da manhajar R yake aiki, ka tambaye shi yadda yake zagaye rabi, domin a can round(2.5) 2 yake bayarwa.