Baƙin gindin tumatir da gishirin kalsiyam: amsoshin wasiƙunku

Wani manomin rani ya rubuto cewa tumatirinsa ya ɗauki 'ya'ya sosai, amma tun suna ɗanyu sai gindinsu ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗana musu wuta. Ya fesa maganin fumfuna kala biyu bai ga canji ba, yanzu kuma an ce ya nemi kalsiyam kulorayid, wato gishirin kalsiyam.

Malam, kuɗin magungunan nan biyu sun tafi a banza, kuma na gaji da ganin manoma suna wannan asarar duk shekara. Abin da ya sami tumatirinka ba ƙwayar cuta ba ce, ba ya kuma yaɗuwa daga shuka zuwa shuka. Kalsiyam ne bai isa gindin ɗan tumatirin ba a lokacin da yake girma. Shi ne ke ɗaure ƙwayoyin halittar shuka da juna kamar siminti tsakanin bulo, inda ya yi ƙaranci sai wurin ya rushe ya mutu.

Amma kada ka yi saurin zargin ƙasarka, domin sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a cikinta. Matsalar a hanya take. Ruwa kaɗai ke ɗaukarsa daga saiwa zuwa sama, ganye kuwa ya fi 'ya'ya jan ruwa saboda shi ke fitar da tururi cikin rana. In ya shiga ganye ya zauna ke nan, ba ya dawowa wurin 'ya'ya. To ka bar gona kwana biyar tana ƙishirwa, ran na shida ka cika ta har ta yi taɓo, me kake so ya faru? A kwanakin ƙishirwar ganye ya kwashe ɗan abin da ya hau, gindin tumatir, wanda shi ne ƙarshen layi, ya tashi hannu wofi. Ƙara da yuriyar da kuke zubawa ba awo, ganye ya yi ta bunƙasa yana ƙara ƙwace, ga fartanya tana yanke saiwa in an matsa noma kusa da gindi. Barkono da kankana ma haka suke yi.

Saboda haka ka fara da daidaita ban-ruwa, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ka rage yuriya da zarar fure ya fito. Bayan wannan ne kalsiyam kulorayid zai iya ɗan taimakawa. Farin gishiri ne mai saurin narkewa, lita ɗaya ta ruwa tana iya narkar da fiye da giram 700, kuma busasshensa kusan kashi 36 cikin ɗari kalsiyam ne. Kai dai giram 5 a lita ya ishe ka, wato giram 80 a famfon goyo mai lita 16. Ka fesa da sassafe ko da yamma, sau ɗaya a mako, sau uku ko huɗu, ka nufi ƙananan 'ya'yan kansu domin wanda ya sauka a ganye ba zai isa gare su ba. In ka ƙara awo, ko ka fesa da tsakar rana, bakin ganye zai ƙone. Waɗanda suka riga suka yi baƙi kuwa ba sa warkewa, tsinke su.

Wata baiwar Allah ta ce ta bar buhun gishirin a buɗe, bayan 'yan kwanaki ta tarar ya jiƙe yana tsiyaya, da ta narkar da shi kuma bokiti ya ɗauki zafi, ko ya lalace? Bai lalace ba, Hajiya. Halinsa ke nan, yana zuƙar laima daga iska har ya narke a cikinta, shi ya sa ake yayyafa shi a hanyoyin ƙasa don danne ƙura. Sai dai awonki zai rikice tunda yanzu da ruwa kike aunawa. Ki riƙa ajiye shi a mazubin roba mai murfi. Zafin da kika ji bokiti ya ɗauka shi ma ɗabi'arsa ce in ya haɗu da ruwa: ki zuba shi cikin ruwa a hankali, ki sa safar hannu, ki kare idonki.

Mai tambayar ko zai haɗa shi da takin feshi a famfo ɗaya: in takin yana da fosfet ko salfet, a'a, za su dunƙule su zama farin laka su toshe bakin famfo.

Wanda yake so ya watsa shi a gona don rage tsamin ƙasa, ba ya wannan aikin, garin farar ƙasa ke yi. Kulorayid ɗin da ke cikinsa ma in ya taru yana cutar da wake da dankali da lemo.

Akwai kuma wanda ya tambaya ko shi ne farin garin da ake tsabtace ruwan sha da shi. Ba shi ba ne, wancan kalsiyam haifokulorayit ne, sunan ne kawai ya yi kama. In ka fesa wancan a tumatir za ka ƙone gonar. Ka karanta rubutun buhu da kyau kafin ka biya, ka tabbata ka ga CaCl2, alamar kalsiyam kulorayid.